Ruwa Ya Janye, Shago Fa?

Cikin daren Litinin 9 ga Satumba 2024, wayewar garin Talata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Wannan madatsa tana kan kogin Ngadda, wajen mil 12 daga Maiduguri. An gama gina ta a shekarar 1986 domin a riƙa ba birnin ruwan sha, a kuma yi noman rani. A daminar 2024 ruwan sama ya yi makonni yana zuba kamar da bakin ƙwarya, har tafkin ya cika ya fi ƙarfin bangon da ke riƙe da shi. Kogin Ngadda kuwa ta tsakiyar Maiduguri ya ratsa, saboda haka ruwan ya iske mutane cikin barci.

Kafin rana ta take, Gwange da Fori da Gamboru da sauran unguwannin bakin kogi sun zama tafki. Ruwa ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya shiga babbar kasuwar gari wadda ake kira Kasuwar Monday. An yi hasarar rayuka. Mutum kamar 400,000 suka bar gidajensu. Wanda ya saurari rediyo a makon nan ya ji labarin kadoji da macizan da suka fita daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ya kuma ji yadda katangar kurkuku ta faɗi, fursunoni fiye da 270 suka tsere. Tsofaffin garin suka ce rabonsu da ganin irin wannan tun ambaliyar 1994.

Amma akwai wata hasara wadda ba a cika ba da labarinta ba, gama ba ta da daɗin ɗauka a hoto. Ita ce hasarar mai sana'ar hannu: tela, da kafinta, da mai walda, da mai injin niƙa, da matar da ke haɗa turaren wuta a ɗakin bayan gida. Gidaje da yawa na masu karanta wannan mujalla daga irin wannan shago tuwonsu ke fitowa. Domin wannan ya kamata mu leƙa ciki mu ga abin da ruwa yake yi, da abin da ake iya ceta bayansa.

Abin da ke cikin shago

Bari mu ɗauki shagon tela, irin wanda ke kowane lungu. Ɗaki ne guda, tsawonsa ƙafa 10, faɗinsa ƙafa 10. Akwai keken ƙafa biyu ko uku, watakila da keken lantarki ɗaya na yin ado a wuyan riga, da dutsen guga, da ƙaramin janareta a kusurwa. In ruwa ya kai zurfin ƙafa 3 a cikin wannan ɗaki, ya fi durom 40, nauyinsa kuwa ya wuce tan 8. Ba a tsaye yake shigowa ba, da gudu yake zuwa, yana ɗauke da itace da kwano da duk abin da ya tarar a hanya. Ruwa mai gudu, ko zurfinsa inci 6 ne, yana iya kayar da babban mutum. Wanda bai taɓa gani ba yakan ce, “Me ya hana su kwashe kayansu?” Amsa ita ce, da dare ne, shagon yana wata unguwa, mai shi kuwa yana ta kansa da na 'ya'yansa.

Kaya iri uku ne a shagon. Na fari kayan aikinsa ne, wato kekuna da almakashi da sauransu. Na biyu kayan mutane: shadda, da atamfa, da leshi, da yadin makaranta. Ga shi kuma ambaliyar ta zo a lokacin da shagunan ɗinki suke cike maƙil, gama saura ƙasa da mako guda a yi hutun Maulidi, watan Satumba kuwa shi ne watan komawa makaranta. Na uku, wanda ba a tunawa da shi sai ya ɓace, shi ne littafin shago. A cikinsa ne awon kowane abokin ciniki yake, da wanda ya ba da kafin alƙalami, da wanda ake bi bashi. Littafi na 'yan nairori ne, amma in ya jiƙe tawada ta narke, bashin shekara guda ya bi ruwa.

A dā, mutum yana iya sayar da akuya biyu ya mai da keke. Ambaliyar 2024 ta zo a mugun lokaci. A watan Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki darajar naira. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a shekarar 2024. Keke, da janareta, da injin walda, kusan dukansu daga ƙasashen waje ake kawo su. Wato kuɗin da mutum ya sayi kekuna uku da shi, da ƙyar ya saya masa ɗaya. Mutanen Kasuwar Monday kuwa nasu ya fi muni, gama a watan Fabrairu 2023 gobara ta cinye kasuwar. Waɗanda suka ci bashi suka sake tsayawa bayan wuta, ba su cika shekara biyu ba ruwa ya zo.

Ɓarna ta biyu

Ga wani abin da masu gyara suka sani, yawancinmu kuwa ba mu sani ba. Injin da ya kwana cikin ruwa bai mutu ba tukuna. Sau da yawa abin da ke kashe shi yana zuwa ne bayan ruwa ya janye, ko ta wurin jinkiri, ko ta wurin gaggawa.

Ƙarfe yana cikin ruwa, tsatsa a hankali take cinsa. Ranar da ya fito ya sha iska da danshi a jikinsa, kafin kwana ɗaya ko biyu ya yi ja. Saboda haka keken ɗinki ba ya jira. Da zarar an sami hanyar shiga shago lafiya, sai a cire kan keken daga teburinsa, a wanke taɓon da ruwa mai tsabta. Kada a ji tsoron sa masa ruwa, ai ya riga ya jiƙe, taɓon ne abokin gaba, gama akwai yashi a cikinsa, yashi kuwa yana cin ƙarfe kamar magagari. Kada a juya keken tukuna. A buɗe murafansa, a fitar da kwarkwaro da gidansa, a share ruwan, a shanya, sa'an nan a wanke cikin da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Bayan haka a ɗiga man keke a kowace gaɓa, a juya shi da hannu sannu sannu, a share baƙin da ke fitowa, a sake ɗigawa. Man gyaɗa ko man ja ba su da wuri a nan. Suna yin danƙo bayan 'yan makonni su liƙe keken. Tsohon keken ƙafa na baƙin ƙarfe, irin su Singer da Butterfly, yana da taurin rai ƙwarai. Wanda aka yi wa haka da wuri yakan koma aiki, ko da teburinsa ya kumbura sai an yi masa sabo.

Kayan lantarki su ne gaggawa ke kashewa. Kowa ya san halinmu. Mutum ya shigo shago zuciyarsa tana bugawa, abin da yake so shi ne ya san ko injin yana da rai, sai ya sa shi a wuta ya gwada. Wannan gwaji shi ne ajalin injin, wani lokaci har da na mai gwadawa. A cikin kowane injin lantarki akwai naɗin wayar jan ƙarfe, an shafe wayar da wani siririn fenti domin kada zare ya taɓa ɗan'uwansa. In da danshi da laka a tsakani, wuta takan yi tsalle ta ƙone naɗin cikin ƙiftawar ido. Bayan injin yana iya bushewa a yini ɗaya, cikinsa kuwa ya yi mako da laima. Sai a buɗe shi, a wanke lakar, a bar shi kwanaki a wuri mai ɗumi da iska, a canza boris ɗinsa in sun sha yashi, a kai wa mai gyaran wuta ya auna kafin a kunna. Kuɗin aunawa kaɗan ne in aka gwada da kuɗin sake naɗi. Haka kuma wayoyin bangon shagon da soket ɗinsa. A kashe babban makunni kafin a taka cikin ɗaki mai ruwa, kada kuma a mai da wuta sai mai gyara ya duba.

Janareta da injin niƙa suna da tasu matsala. Fistin yana matsa iska da mai, amma ruwa ba ya matsuwa. In ruwa ya shiga inda fistin yake, aka ja igiya ko aka murɗa hannu da ƙarfi, sandar fistin takan lanƙwashe, ƙaramin gyara ya zama babba. Abin yi shi ne a tsiyaye baƙin mai duka. In ya fito fari-fari kamar koko, ruwa ya gauraya da shi ke nan. A zubar da man da ke cikin tanki, gama ruwa ya fi fetur da dizal nauyi, a gindin tanki yake kwanciya, daga nan kuwa injin yake sha. A janareta na fetur a cire fulogi, a ja igiya a hankali har ruwan ya fita ta ramin, a wanke kafireto, a canza matatar iska. In ya tashi, a bar shi ya yi aiki kaɗan, a sake juye man a zuba sabo. Injin dizal a bar wa makanike. Kada kuma a kunna janareta cikin rufaffen ɗaki da nufin busar da kaya. Iskar da ke kisa cikin hayaƙinsa ba ta da wari, ta kuwa hallaka iyalai da yawa a ƙasar nan.

Kafinta kuma haƙuri ne nasa. Katako na ainihi, kamar maɗaci, yana warkewa in an wanke shi aka jera a inuwa, da 'yan sanduna tsakanin kowane falle domin iska ta ratsa. In aka shimfiɗa shi a tsakar rana zai bushe ta waje ya tsage ko ya karkace. Amma allunan zamani da ake yi da garin katako da gam, waɗanda ake ƙera kabad da gadon amare da su, in sun sha ruwa sun kumbura, babu mai komar da su. Soson kujera ma haka, ya sha ƙazanta har cikinsa. Mai walda zai tarar sandunan waldarsa sun sha laima, bawonsu yana marmashewa. Mai buga bulo zai tarar buhunan siminti sun zama duwatsu. Mai turaren wuta kuwa, wadda ta zuba jarinta cikin itacen ƙamshi da turaruka masu tsada, ba ta da abin wankewa ko shanyawa.

A tuna kuma, ruwan ambaliya ba ruwan sama ba ne kawai. Ya bi ta masai da kwata da juji kafin ya iso. A watan Oktoba 2024 gwamnatin Borno ta ba da sanarwar ɓarkewar kwalara. Mai share shago ya sa takalmin roba, ya rufe duk wani rauni da ke jikinsa, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Wanda ƙusa ko kwano ya yanka cikin taɓon nan ya je asibiti a ranar domin allurar ciwon sarƙe haƙora. A ɗaga kaya da sanda tukuna, gama maciji ma mafaka yake nema. A dubi bango da kyau. Ginin ƙasa da ya sha ruwa yakan tsaya kwanaki kamar lafiya lau, sa'an nan ya zube.

Kayan mutane

Gyaran keke ya fi sauƙi a kan abin da ke biye. Ga shaddar wani da ya tara kuɗin wata uku ya saya, yanzu ta yi dabbare-dabbare da laka, launin atamfar da ke kusa da ita ya zuba a kanta. Yadin da ya jiƙe, in ya yi kwana biyu a dunƙule, fumfuna ta kama shi, baƙin ɗigon nan kuwa da wuya ya fita. Wa zai ɗauki hasara?

A ganina, wanda ya ce tela ya biya duka bai yi adalci ba, gama ba sakacinsa ne ya fasa madatsa ba. Amma telan da ya ɓuya, yana aiko yaro ya ce ba ya nan, shi ma ya yi wa kansa ɓarnar da ta fi ta ruwa. Jarin mai sana'a na gaske shi ne mutane sun yarda su bar kayansu a hannunsa. Abin da ya fi kyau shi ne ya wanke abin da ke wankuwa tun da wuri, fari dabam mai launi dabam, ya ɗauki kowane yadi, ko ya lalace, ya kai wa mai shi da ƙafarsa ya gani da idonsa. Daga nan a yi magana. Wani zai yafe. Wani za a raba hasarar, ya sayo sabon yadi a ɗinka masa kyauta. Wanda ya ba da kafin alƙalami a rubuta masa a sabon littafi a gabansa. In magana ta ƙi, ga shugabannin ƙungiyar teloli, ga mai unguwa.

Akwai kuma ɗaya gefen, a nan ne maganar ta shafe mu duka. Littafin bashi ya narke. Tela ba ya iya tuna ko naira dubu biyu yake bin ka ko dubu biyar. Kai kuwa ka sani. Uwargida ta san nawa ya rage na ɗinkin Kirsimatin bara. Ba sai an aiko ba.

Shinkafa da tabarma

Taimako ya zo Maiduguri, ba a musu. Gwamna Babagana Zulum ya sa aka sake buɗe sansanin Bakasi da waɗansu wurare domin waɗanda suka rasa matsuguni. Sojoji da matasa masu kwalekwale suka yi ta ceto. Jihohi, da attajirai, da ƙungiyoyin agaji suka aiko da kuɗi da abinci. Irin wannan taimako gida yake nema: mutum nawa ne, ɗaki nawa ya faɗi, ga shinkafa, ga tabarma, ga gidan sauro. Daidai ne a fara da haka. Sai dai buhun shinkafa yana ƙarewa, keken ɗinki kuwa shi ne yake sayen buhu na gaba. Yawancin masu ƙananan shaguna haya suke yi, ba su da rajista, ba su da rasit na kayan da suka saya shekara goma da ta wuce. A wurin mai rubuta sunaye, shago irin wannan da wuyar ƙidayawa.

Shago ɗaya kuwa ba baki ɗaya yake ciyarwa ba. Akwai yara masu koyon sana'a, uku ko biyar, waɗanda kuɗin abincin rana da maigidansu ke ba su shi ne abin da suke kai wa gida. A Maiduguri da yawansu 'ya'yan waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga ƙauyuka ne. In shago ya yi wata biyu a rufe, yaran sukan watse, wanda ya kusa ƙwarewa ya koma tura baro. Mu malaman makaranta ma mukan gane shagon da ya tsaya, ba sai an faɗa mana ba, daga ranar da aka fara neman a ɗaga wa yaro ƙafa a kan kuɗin makaranta.

Abin da ke tayar da mai sana'a sau da yawa ƙarami ne, yana kuma hannun maƙwabta. Aron keken da ke ajiye a ɗaki tun ranar aure, ba mai taka shi. Kusurwar shago ga abokin sana'a har nasa ya bushe. 'Yan adashi su yarda a ba wanda ruwa ya ci kwasar wannan wata, ko ba layinsa ba ne. In makaranta ko zumuntar mata za ta yi ɗinkin anko ko bencina, a kai aikin wurinsa, a ba shi rabin kuɗin tun farko domin ya sayi zare da ƙusa. Mai sana'a ya fi son aiki da sadaka, aikin kuma ya fi daɗewa.

Kafin wata damina

Kada mai karatu a Jos ko Zariya ko Maraɗi ya ce wannan maganar Barno ce. A 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle a jihar Kano. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya. A daminar 2024 ɗin nan ruwa ya rushe tsohon masallacin Damagaram a Nijar. Ran 29 ga Mayu 2025 ruwan dare ɗaya ya share unguwanni a Mokwa ta jihar Neja, mutum fiye da 150 suka rasu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mai neman hayar shago ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya taɓa kaiwa, ya dubi gindin bango ko akwai zanen tsohuwar ambaliya. Shagon da dabensa ke ƙasa da titi, arahar hayarsa tana da dalili. Daga Yuli zuwa Satumba kada a kwana da kayan mutane a ƙasa. Kanta mai tsayi kusa da rufi, da babbar leda ko durom mai murfi, sun isa su ceci shaddar unguwa guda. Janareta ya hau dakali. Kan keke ƙusoshi kaɗan ne ke riƙe da shi, ana iya cire shi a tafi da shi gida ranar da aka ga kogi yana cika. A Maiduguri ma ruwa ya yi kwanaki yana shiga gidajen bakin kogi kafin daren da madatsa ta ɓalle. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana faɗin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya, gidajen rediyo suna karantawa da Hausa.

Littafin shago kuwa, a ɗauki hoton shafukansa da waya kowace Asabar, a tura wa wani ɗan'uwa da ke wani gari. A ɗauki hoton kowane inji da lambarsa. Wanda yake da halin yin inshora ya tambaya da kyau, gama takardar gobara zalla ba ta biyan ɓarnar ambaliya sai an rubuta ta a ciki.

A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da kashe naira biliyan 80 domin sake gina madatsar Alau da faɗaɗa ta. Kogin Ngadda dai yana nan a tsakiyar gari inda yake, shagunan Gwange da Gamboru kuma suna bakinsa.